Fatalwar da Ta Ɗora Hagu a Kan Dama

Tun ranar da Baba ya ce kada in ƙara ambaton sunan Junsho a gidansa, ban ƙara ba. Na yi irin biyayyar da matan unguwarmu suke yabo, baki a rufe, zuciya kuwa tana ta surutunta ba mai ji.

Ba ƙinsa Baba yake yi ba. Da ƙiyayya ce da da sauƙi, don ita tana tsufa ta gaji. Matsalar suna ce. Ni kaɗai iyayena suka haifa, kuma shagon Hatanaka, inda muke yin alawar wake da garin shinkafa tun zamanin kakan kakana, ba ya tsayuwa sai da mai ɗauke da sunan. Duk wanda zai aure ni sai ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki namu. Junsho kuwa shi kaɗai ne ɗan limamin haikalin kan tudu. Shi zai gaji ubansa, shi zai kula da kaburburan garin nan har da na kakannina. Doka kuma suna ɗaya tak ta yarda miji da mata su ɗauka.

Kowa ya ce ai magana ta ƙare. A wurina dai ba ta ƙare ba.

Sai ga Keigo, babban ma'aikacin Baba. Ɗa na uku ne a gidansu, ba abin da zai gada can, don haka a shirye yake ya zama Hatanaka ko gobe da safe. Ba shi da laifi ko ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi game da shi. Baba ya ce kafin shekara ta fita yana son jin amsata.

A cikin wannan hali ne ƙungiyar matan unguwa ta ɗora mini yin alawar bikin fatalwa na yara, wanda ake yi ƙarshen Oktoba a zauren haikali. Cakulan suka ce, mai ban tsoro. Baba ya ja tsaki, don shi a wurinsa cakulan laka ce da aka zuba wa sukari. Da ƙyar ya bar mini ɗakin girkin shago na safiya ɗaya, ya ce idan ya dawo daga kai saƙo ya ji warinta a tukwanensa, in kuka da kaina.

Da sassafe na ɗora ruwa, na aza kwano a bisa tururin, na zuba baƙar cakulan ina juyawa a hankali. Idan ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki sai ta dunƙule, an yi asara. Na zana jemagu a kan takardar mai, na yi gizo-gizo masu ƙafafun siririn biskit. Mama tana gefe tana murza farar cakulan ta zama ƙwayar ido, tana jan jijiyoyi da jan miyar 'ya'yan itace.

"Kozue, dubi wannan," ta ce tana ɗaga ɗaya, "sak idon babanki idan an rage masa gishiri a miya."

Na yi dariya iya leɓe.

"Dariyar ma yanzu sai an roƙa?"

"Mama, aiki nake."

"Aiki kike, ko kallon wancan ƙunshin kike? Tun da muka shigo idonki bai bar shi ba."

Gaskiyarta. Ƙunshin yana kan kanta, an naɗe shi da shuɗin ƙyalle. Shugabar ƙungiyar mata ce ta kawo mini, ta ce ƙaramin liman, wato Junsho, shi ne ya ce a ba ni, gudummawarsa ce ga yara. Katakon zubi ne irin wanda muke danna alawa a ciki ta fito da siffa. Shi ya sassaƙa da hannunsa. Siffar fatalwa ce, kai a lulluɓe, doguwar riga har ƙasa, ba ƙafafu. Ko kalma ɗaya bai haɗo da shi ba.

Wata nawa ban ji muryarsa kusa da ni ba. Sai dai in hango shi daga nesa a kan babur ɗinsa, baƙar rigarsa tana kaɗawa, zai je karatu gidan wani mamaci. Duk daren duniya sai na ce na haƙura, gari na wayewa in tarar ban haƙura ba. Da na ɗauki katakon nan na ji santsin inda yatsunsa suka goge, sai da na juya wa Mama baya.

"'Yata," ta ce, muryarta ta sauka, "kin ɗauka ban san abin da kike ji ba? Ni ma ba a kan dutse aka haife ni ba. Amma ki dubi babanki. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake tashi kafin zakara yana dafa wake. Kina so a ce a hannunsa sunan ya mutu?"

"Ban ce haka ba."

"To me kika ce? Shirunki ya fi magana ciwo. Keigo mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya yawo."

"Na sani, Mama. Tukunyar wake ma ba ta sha, ba ta yawo."

"Kozue!"

"Ki yi haƙuri."

Hawaye ya zo mini, na matsa baya da sauri kada ya ɗiga a kwanon. Abin da ya rage mini na hankali ke nan a safiyar.

Ana haka Keigo ya shigo da buhun sukari a kafaɗa. Ya sauke, ya rusuna wa Mama, sannan ya dube ni.

"Sannu da aiki, 'yar maigida. A taimaka?"

"Na gode, na kusa gamawa."

Bai tafi ba. Ya tsaya yana kallona na cuɗa farar cakulan da markaɗaɗɗen farin wake don kada ta manne wa katako, na barbaɗa gari a cikin zubin, na danna da tafin hannu. Na kifa a kan faranti na ƙwanƙwasa. Ta faɗo fara tas. Na sake, na sake, har suka jeru layi-layi. Hankalina ba ya kansu, yana can kan tudu.

Sai na ji Keigo ya tuntsire da dariya.

"Kai! Ƙaramin liman dai gara ya tsaya a karatunsa. Ku dubi wuyan rigar."

Na duba.

Ko ɗan yaye a ƙasar nan ya san yadda ake naɗa riga. Mai rai hagu yake ɗorawa a kan dama. Mamaci kaɗai ake ɗora wa dama a kan hagu, kuma haka fatalwa take yawo. A cikin katakon kam daidai na gani, dama a sama. Amma abin da ya fito a faranti hagu ne a sama, dukansu.

"Ya manta zubi yana juya abu," in ji Keigo yana share ido. "Abin da ka sassaƙa dama, hagu yake fitowa. Duk sabon shiga sai ya yi wannan kuskuren. Fatalwa mai rai, yau na ga abin da ya ishe ni!"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Farar riga har ƙasa ta rufe ƙafafu. Farin lulluɓi mai zagaye a ka. Hagu a kan dama.

"Ba fatalwa ba ce," ta ce a hankali. "Amarya ce."

Dariyar Keigo ta tsaya cak. Ni kuwa na dafe bakin tebur.

Mama ta jawo ƙyalle ta rufe farantin, ta tura shi can ƙarshen kanta.

"Wannan ba zai fita daga gidan nan ba. Ki kai sauran. Idan matan unguwa suka ga wannan, kafin magariba mun shiga bakin duniya."

"Kuskure ne kawai," Keigo ya ce, amma ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo. "Ai kuskure ne, ko?"



*

Da rana ta karkata na hau tudun da akwatuna biyu a hannu. Zauren haikalin ya cika da yara masu shigar mayu da ƙwarangwal, da wata 'yar mai shigar kabewa tana kukan neman uwarta. Na buɗe akwati, suka yo kaina. Wata ta ciji ƙwayar ido, jan ya ɓullo, ta ƙwalla ƙara, sannan ta miƙo hannu a ƙara mata. Iyaye suna ta yabo, ina ta rusunawa, ban san me nake cewa ba.

Na ji shi kafin in gan shi. Ƙamshin turaren haikali da ya kama rigarsa ne ya fara isowa gare ni.

"Sannu da ƙoƙari, Malama Hatanaka."

Malama Hatanaka! Mutumin da muka yi wasan ɓuya da shi a bayan kaburbura tun ba mu iya ɗaura takalmi ba.

"Yauwa, ƙaramin liman. Mun gode da aron zaure."

Ya dubi akwatunan, ya dubi jemagu da gizo-gizo, ya sake dubawa.

"Ban ga nawa ba."

"Sun lalace."

"Zo ki faɗa mini yadda suka lalace."

Na san bai kamata ba. Na bi shi. Muka zagaya barandar baya, inda ake hango makabarta da jajayen ganyen da iska take zubarwa a kanta. Ya tsaya nesa da ni kamar baƙo. Ya rame, aski ya ƙara fito da ramar.

"Keigo ya ce ka manta zubi yana juya abu," na ce. "Ya yi ta dariya."

"Ke fa, kin yi?"

"Ni tambayarka nake."

"Kozue, tun ina yaro nake tsayawa bayan babana ana shirya mamaci. Na ga an naɗa rigar nan ban san adadi ba. Idona a rufe ba zan ɓata ba. Katako biyu na lalata kafin in iya juya shi ya fito yadda nake so."

Shi ke nan, abin da nake dannewa tun safe ya ɓalle. Na toshe baki da hannu kada yara su ji.

"Me ya sa za ka yi mini haka? Na fara koyon haƙuri, Junsho. Na fara iya wucewa ta gindin tudun nan ban ɗaga kai ba."

"Ƙarya kike. Kullum sai kin ɗaga, ina ganinki daga ɗakin ƙararrawa."

"To ka daina kallo!"

"Na gwada. An hana ni zuwa gidanku, an hana ki ɗaukar wayata. Na ji an ce kafin sabuwar shekara za ki ba da amsa. Me kike so in yi? In zauna ina karanta wa matattu addu'a har in ji an ɗaura? Idan aka yi bikin nan, ni fa za a kira in yi wa kakanninki albishir a kabarinsu cewa gidan Hatanaka ya sami magaji. Ni da bakina."

Muryarsa ta karye a nan. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da ya faɗo daga kan katanga ya karya hannu.

"To ka ajiye naka sunan," na ce, ina sane da cewa zalunci nake yi. "Ka zo gidanmu. Ka koyi dafa wake."

Ya nuna makabartar da haɓa.

"In bar su wa wa? Babana ba ya iya durƙuso yanzu. Idan na tafi, baƙo za a turo daga wani gari, wanda bai san wa ke kwance kusa da wa ba. Ke za ki iya barin shagon?"

"Ka san ba zan iya ba. Ba don Baba kaɗai ba. Hannuna ne, Junsho. Ban san ko ni wace ce ba idan ba na cikin ɗakin girkin nan."

"Na sani. Na je wurin babanki da bazara, na durƙusa. Na ce ɗanmu na fari ya ɗauki sunan Hatanaka, ya gaji shagon."

Na ɗago da sauri. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba shi da shekara ashirin da zai jira jariri ya girma. Ya zuba mini shayi, ya raka ni har bakin titi."

Daga cikin zaure ana jiyo yara suna waƙa, kowa da inda ya nufa da muryarsa.

"To amaryar me ka aiko mini," na ce ina share fuska, "tunda ba ka da inda za ka ajiye ta?"

"Don ki sani ne kawai. Ko Keigo kika zaɓa, kada wata rana ki ce ban tambaya ba. Ina son ki, Kozue. Ban iya komai a kai ba, amma ina son ki."

Na buɗe baki in amsa, sai na ji takun takalmin katako a kan tsakuwa. Taku ne da na sani tun ina cikin zanin goyo.

Baba ne. Yana sanye da farar rigar aikinsa, ya rungumo farantin nan a ƙirji, ƙyallen Mama yana kai. Ya hau barandar, ya ajiye farantin a tsakaninmu, ya yaye ƙyallen. Amaren suka bayyana a jere.

Junsho ya zube a kan gwiwoyinsa. "Baba, laifina ne. Ba ta san komai ba."

"Tashi, ɗan liman. Ba a durƙusa wa mai alawa a cikin haikali."

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta.

"Keigo ya ce kuskure ne. Na ce masa ya yi shekara goma sha a wurina bai koyi kallo ba. Wanda ya fitar da gefen lulluɓin nan haka, ya san dama ya san hagu." Ya mayar da ita. "Sassaƙa ta yi kyau."

"Baba..." na fara.

"Bari in gama, don ba zan iya faɗa sau biyu ba. Na daɗe ina kallonki kina bushewa a gabana. Uwarki tana kuka a banɗaki, ta ɗauka ba na ji. Ban haife ki don in kashe ki da rai ba." Ya ja numfashi. "Kina son yaron nan, ki aure shi. Na yarda."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na dubi Junsho, shi ma ya dube ni, bakinsa a buɗe. Ashe da na sani da ban yi saurin murna ba.

"Keigo zan mayar ɗana a hukumance, ba sai da aure ba. Na yi masa magana yanzu, ya karɓa. Shi zai zama Hatanaka. Shago nasa, katakan zubin kakanninki nasa, sirrin dafa waken ma shi zan ba."

"Ni fa, Baba?"

"Ke matar liman ce. Matar liman tana da aikinta a nan, ba ta da lokacin tukunya. Kuma girki ɗaya ba ya ɗaukar magada biyu, na ga gidajen da haka ta rusa. Idan kin zo gaishe mu ƙofar gida a buɗe take. Idan shago kika zo, ta ƙofar masu saye za ki shiga."

"Baba, tun ina shekara bakwai nake tsaye kusa da kai! Ni na fi shi hannu, kai da bakinka ka faɗa!"

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Shi ya sa na so ki zauna." Bai ɗaga murya ba. "Ba horo nake miki ba, 'yata. Biyu ne a gabanki, ɗaya hannunki zai iya ɗauka. Idan kin zaɓi nan, ki kwance ƙyallen aikin nan da ke ƙugunki ki ba ni, sunan shago ne a jikinsa. Idan kuma gida za ki, ki ɗauko akwatunanki mu tafi, kada in sake jin maganar."

"Yanzu?"

"Yanzu. Na gaji da jiran sabuwar shekara."

Ya miƙo hannu.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Hannun Baba, wanda yake yanka furen alawa sirara kamar gashi, rawa yake yi. Ba rawar fushi ba, ba ta sanyi ba, ta ciwo ce. Yatsun suna kaɗawa da kansu, yana ƙoƙarin tsayar da su sun ƙi. Ya ga na gani, bai janye ba.

"Tun yaushe?" na ce da ƙyar.

"Ba shi na tambaye ki ba."

A bayana na ji Junsho ya kira sunana sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa.

Na kai hannu baya na kama ƙullin igiyar. Ban san ko kwancewa zan yi ko ƙara ɗaurewa ba. Baba yana tsaye, hannunsa a miƙe yana rawa, yana jirana.